YARON DA AKA CE DAƘIƘI NE: Jawabi Ga Iyayen Jalingo Mazauna Kudu

Ga jawabin da ɗaya daga cikin masu tace labaran wannan shafi ya yi a gaban taron iyaye 'yan asalin Jalingo da kewaye mazauna Ikko. Mun buga shi ne domin amfanin 'yan'uwanmu na Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal waɗanda ba su sami halarta ba.

 Na san ba ƙaramin abu ba ne mai doya ya bar rumfarsa a Mil 12, ko mai shanu ya bar kara a Agege, ko maigadi ya hana idonsa barcin rana, a zo a zauna sauraron ɗan jarida. Saboda haka ba zan tsaya kewaye-kewaye ba. Maganata a kan 'ya'yanmu ce da muka bari a gida, ko muka mayar gida domin karatu, musamman waɗanda ke aji ɗaya zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, kuma a cikinsu ma a kan wanda kullum takardar sakamakonsa ke ɓata mana rai.

Zan fara da laifin kaina, don kada wani ya ga kamar gori na zo yi masa. Akwai ɗan yayana da nake ɗauke da nauyin karatunsa, yana Jalingo wajen kakarsa. Da ya gama zangon farko a aji ɗaya aka ɗauki hoton takardarsa aka aiko mini ta waya, sai na ga shi ne na uku daga ƙarshe, malamin aji kuma ya rubuta cewa wasa ya yi masa yawa. Ban tambayi kowa kome ba. Na kira kawunsa na ce a ba shi bulala, a kuma hana shi ƙwallo. Zango na biyu ya zo, ba abin da ya sake, na ce a ƙara. Sai da na je gida hutun ƙarshen shekara, muna zaune a zaure da yamma, na miƙa masa wani shafi na Hausa na ce ya karanta mini. Yaron nan ya riƙe takarda hannunsa na rawa, ya faɗi kalmar farko daidai, ta biyu ya yi cinta, a ta uku ya tsaya cik. Shekarunsa 13, ya yi shekara 6 a firamare, amma bai iya karatu ba. Na karɓi takardar na karanta masa labarin da bakina, na ce ya maimaita mini abin da ya ji. Wallahi bai bar kome ba, har da abin da ni kaina na manta. Ashe duk shekarun nan da kunne yake karatu: abin da aji ya faɗa baki ɗaya shi yake haddacewa, ya riƙa motsa baki tare da su, ba wanda ya lura. Bulalar da na aika daga Ikko ta sauka ne a kan yaron da ya fi ni ƙoƙari.

ABIN DA YA SA SAI A SAKANDARE

Dattawan da ke nan za su tuna, ko kuwa sun ji daga iyayensu, cewa a zamanin En'e ana gama Elementare ne a zaɓi 'yan ƙalilan su wuce Midil. Wanda karatu ya yi wa nauyi tun a ƙasa yake komawa gona ko kiwo ko sana'ar gidansu, ba wanda zai sake jin labarinsa a makaranta. Abin ya fara sakewa a watan Satumba na 1976 da aka buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowa. A 1982 aka fara aiki da tsarin nan na shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba, 4 a jami'a. A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a Sakkwato, dokarsa ta 2004 kuma ta ce shekara 9 na farko kyauta ne, kuma tilas ne. Sa'an nan a 2023 Gwamna Agbu Kefas ya ba da sanarwar cewa karatun firamare da na sakandare ya zama kyauta a makarantun gwamnatin Jihar Taraba. Watau ke nan yaron da a da ba ya kai wa wannan mataki, yau yana zaune a cikin aji, da rigar makaranta da kome. An buɗe masa ƙofa, kuma hakan daidai ne. Tambayar ita ce me ya tarar a ciki.

A firamare yawanci malami ɗaya ne ke tare da aji tun safe har tashi. Ko bai san sunan abin da ke damun yaro ba, ya san halinsa, ya san wanda sai an maimaita masa, ya san wanda in an aike shi ya ɗebo alli ya dawo zai natsu. Ranar da yaro ya shiga ƙaramar sakandare wannan sanayya ta ƙare. Darussa sun haura goma, kowane da malaminsa da littafin rubutunsa, kowane malami zai shigo na minti 40 ya cika allo da rubutu ya ce a kwafe kafin a kaɗa ƙararrawa, ya fita, wani ya shigo ya goge. Yanzu ba koyon karatu ake yi ba, da karatun ake koyon sauran abubuwa. Wanda bai iya karatu ba, ba Turanci kaɗai zai faɗi ba, har kimiyya da tarihi da aikin gona, har ma lissafin da ya iya, domin tambayar a rubuce take. Tsarin ilmi na ƙasa ya so a ce malami ɗaya yana da ɗalibai 35 zuwa 40. Duk wanda ya leƙa makarantun gwamnati a manyan garuruwanmu ya san inda aka kwana. In aji ya kai mutum 80, ku raba minti 40 ɗin nan, kowane yaro rabin minti ne rabonsa, in ma malamin bai koyar da kome ba. Ban faɗi haka don in ga laifin malamai ba. Da ni ne a gaban allon, da ban yi abin da ya fi nasu ba.

Daɗin daɗawa, shekarun nan na 12 zuwa 15 su ne shekarun da yaro ya fara jin kunya, ya fara sanin ciwon a yi masa dariya. Ya gwammace a ce da shi gagararre da a ce da shi daƙiƙi. Shi ya sa za ku ga wanda aka tsayar ya karanta ya kasa, gobe shi ne mai tsokana a bayan aji, jibi shi ne mai tsallake katanga a tafi wanka a Lamurde. Mu kuwa a nan Kudu sai labarin ya iso mana a kan cewa yaro ya lalace, ya shiga abokan banza. Ƙarshen labarin muke ji, farkonsa ya wuce mu.

LALURORI BIYU

Akwai lalurori biyu da masana suka daɗe da sani, waɗanda ba su da alaƙa da ƙarancin basira, ba kuma lalaci ba ne ko rashin tarbiyya. Ta farko ita ce ta ɗan yayana, watau wahalar karatu da rubutu, wadda likitoci ke kira disleksiya. Wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, shi ya raɗa mata wannan suna a 1887. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da bayanin wani yaro mai shekara 14, tsaran 'ya'yanmu ke nan na aji biyu ko uku, mai kaifin hankali, gwanin wasanni, wanda lissafi ba ya ba shi wuya, amma karatu ya gagare shi duk da shekarun da aka yi ana koya masa. Sunansa Percy, amma in ya zo rubutawa sai ya juya haruffa ya rubuta Precy. Malaminsa ya shaida cewa da a ce da baki kaɗai ake koyarwa, da ba wanda zai kama ƙafarsa a makarantar. Ni da aikina shi ne gyaran rubutun mutane, da na karanta wannan sai na tuna sau nawa na yi tsaki a kan takardar wani. Asalin matsalar ita ce ƙwaƙwalwar yaron na shan wuya wajen rarrabe sautukan da ke cikin kalma da haɗa kowane sauti da harafinsa. Idonsa lafiya, kunnensa lafiya, hankalinsa lafiya. Tana kuma bin jini, shi ya sa in kun bincika za ku taras akwai wani baffa ko kawu da aka ce shi ma boko bai karɓe shi ba.

Ta biyu ita ce lalurar ƙarancin natsuwa, wadda a takardun asibiti za ku ga an taƙaita ta da haruffa huɗu, ADHD. Wannan yaron ya iya karatu, amma hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya. An ba shi aiki ya fara, kafin ya kai rabi tsuntsu ya gitta ta taga, shi ke nan. Yau ya yar da biro, gobe littafi, jibi takalmi. Ana tambaya kafin a rufe baki ya amsa, ba ya iya jiran layi, in an ce ya zauna kamar an ɗora shi a kan ƙaya. A 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya yi laccoci a kan irin waɗannan yara, kuma abin lura shi ne shi ma da farko a matsayin tawayar ɗa'a ya ɗauki abin, watau kuskuren da muke yi yau manyan likitoci ma sun yi shi kafin ilmi ya ci gaba. Wani babban bincike na 2007 da ya tattara sakamako daga sassan duniya ya nuna cewa kimanin yara 5 cikin 100 suna da ita. In mun ɗauki wannan ma'auni, a ajin nan namu mai mutum 80 akwai 4 ke nan. Kuma sau da yawa lalurorin biyu suna haɗuwa a kan yaro ɗaya.

To, amma kada kowa ya tashi daga nan ya ce duk yaro mai ƙiriniya mara lafiya ne. Ƙiriniya halin yara ce. Likitoci ba sa yanke hukunci sai abin ya ɗauki aƙalla wata 6, ya faro tun kafin yaro ya kai shekara 12, ana ganinsa a wuri fiye da ɗaya, watau gida da makaranta, kuma yana cutar da karatunsa ko zamansa da mutane. Yaron da ke natsuwa a gida da Islamiyya ko coci, sai a ajin malami ɗaya kawai yake tayar da ƙura, wannan a binciki abin da ke tsakaninsa da malamin.

Iyayenmu mata, ina roƙon ku kasa kunne a nan. Ita yarinya mai wannan lalura yawanci ba ta hawa tebur, ba ta faɗa da kowa. Tana zaune shiru, ido a kan allo, hankali yana wata duniya. Ba ta damun malami, saboda haka malami bai san da ita ba. A gida an aike ta sayo abu uku ta dawo da ɗaya, sai a ce sakarya ce, ko shashasha. In sakamako ya yi muni sau biyu sau uku, sai a ce ai dama kan nan ba na boko ba ne, a ɗora mata tallan gyaɗa, kafin ta kai aji uku an fara maganar miji. Namiji ko ba kome yana yin ƙarar da za a ji shi. Ita kuwa salin-alin take fita daga makaranta.

KAFIN A SA WA ABU SUNA

Akwai abubuwa da dama da ke kama da waɗannan lalurori alhali ba su ba ne, kuma su ya kamata a fara kawarwa domin sun fi sauƙin magani. Yaron da ba ya hangen allo daga bayan aji ba zai kwafe daidai ba, kuma ba zai faɗa ba, don bai san sauran yara sun fi shi gani ba. Tabarau kawai yake bukata. Wanda kunnensa ya daɗe yana zubar da ruwa tun yana ƙarami yana iya rasa rabin abin da malami ke faɗi. Ga yunwa, ga ƙarancin jini, ga rashin barci ga yaron da ke tura baro a kasuwa har dare. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa yana barin tabo, haka ma sikila. Akwai kuma wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da yaro ƙasa, sai dai ya ƙura ido ya ɗauke na 'yan sakan, sau da yawa a yini, ya dawo bai san an yi ba. Sa'an nan ga yaran da tashin hankali ya koro iyayensu daga ƙauye zuwa Jalingo. Wanda ya ga an ƙone gidansu, kada a yi mamaki in hankalinsa ya ƙi zama a kan darasi. Kar mu manta da kewa: yaron da aka ɗauke daga gaban uwarsa a Idi-Araba aka kai wa goggo a Magami ko Sabon Gari, yana iya yin wata da watanni jikinsa na aji zuciyarsa na Ikko.

Sai kuma batun harshe, wanda a garinmu ba ƙaramin batu ba ne. Tun da Jalingo ta zama babban birnin jiha ranar 27 ga Agusta 1991, mutane suke ta kwararowa daga kowace kusurwa. Yaro yana iya tashi da Fillanci ko Mumuye ko yaren Kona a gida, Hausa a titi da kasuwa, Turanci a aji. Namu na nan kuwa ya ƙara da Yarbanci da Turancin buroka. Wanda bai ji Turanci sosai ba zai yi zuru a aji kamar mai lalura, alhali lafiyarsa ƙalau. Hanyar rarrabewa ba ta da wuya. A yi masa bayanin darasin da harshen da ya fi ji. In ya gane, kuma in an koya masa haruffa ya kama ba da wata wahala ba, to Turanci ne ya yi masa ƙaranci. Kuma ku sani shi Turanci mugun harshe ne ga mai wahalar karatu, domin rubutunsa daban furucinsa daban: sautin da mu muke rubutawa da harafi ɗaya, f, su wani lokaci f ne, wani lokaci p da h, wani lokaci g da h. Hausa kuwa kusan yadda aka faɗe ta haka ake rubuta ta. Shi ya sa da muka sami wata malama da ta yarda ta zauna da ɗan yayana minti 30 kowace yamma, da Hausa ta faro, sauti bayan sauti, ba, bi, bu, kamar ɗan aji ɗaya na firamare, a ɗaki, ba a gaban tsaransa ba. Har yanzu ba ya sauri, kuma rubutunsa na Turanci sai an yi haƙuri da shi. Amma yana karanta saƙon da na aika masa da kansa.

Na san wani dattijo zai ce da ni, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu ma da bulala muka yi karatu. Baba, ban musa ba. Amma bulala tana iya sa wanda ya ƙi ya yi, ba ta iya sa wanda ya kasa ya iya. In ka doki mai ciwon ido don bai hangi allo ba, abin da ka koya masa shi ne ya ƙi allon, ya ƙi ka. Wasu kuma za su ce sammu ne, ko an ɗaure masa kai, ko iska. Ba zan hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi. Sai dai addu'a ba ta hana a gwada ido da kunne da jini.

A nan ne ma nake ganin mu mazauna Kudu muna da wata dama da ba mu amfani da ita. Gwajin ido da kunne da jini ana yinsa a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo. Amma in abin ya kai ga ƙwararru a kan ƙwaƙwalwa da halayyar yara, mu ne muka fi kusa da su: ga asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba a nan Ikko, ga na Aro a Abekuta, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Badun, ga na Inugu da Kalaba ga mutanenmu na can. Zuwa irin wannan asibiti ba ya nufin yaro ya haukace, ku cire wannan daga ranku. Dogon hutun nan na damina da yara ke zuwa mana su taya mu tsaron shago, a ware kwana biyu a ciki a kai yaro, a tafi da littattafan rubutunsa da takardun sakamakonsa. Ita lalurar ƙarancin natsuwa akwai magungunan da ke taimaka wa yara da yawa, amma magunguna ne masu ƙarfi da doka ta tsare, likita ƙwararre ne kaɗai ke rubutawa yana kuma bin sawu. Kada wani ya je kemis ya ce a ba shi abin da zai kwantar da yaro, maganin barci za a ba shi. Ita kuwa wahalar karatu ba ta da ƙwaya ko allura, maganinta koyarwa ce.

ABIN DA ZA A ROƘA A MAKARANTA

In an ce ilmin musamman, abin da ke zuwa mana a rai shi ne makarantar makafi ta Gindiri da aka kafa a 1953, ko ta Tudun Maliki a Kano, watau makafi da kurame. Su lalurarsu a fili take. Yaran da nake magana a kansu ba wata makaranta daban suke bukata ba, ajinsu na yau da kullum suke bukata ya ɗan sassauta musu. Wannan ba sabon ra'ayi ba ne. Rahoton kwamitin Mary Warnock a Ingila a 1978 ya ƙiyasta cewa yaro 1 cikin 5 zai bukaci wani taimako na musamman a wani lokaci na karatunsa, mafi yawansu kuma a makarantun kowa da kowa. A 1994 gwamnatoci 92 suka amince da wannan manufa a Salamanka ta ƙasar Sifen. A gida ma, tsarin ilmi na 1977 ya tanadi a koya wa masu shirin zama malamai yadda za su gane irin waɗannan yara, a shekarar ce kuma aka buɗe kwalejin horar da malaman ilmin musamman a Oyo. Dokar hana nuna bambanci ga masu lalura, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce kowace makarantar gwamnati ta kasance da aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar domin su. Takarda dai ba ta rasa ba. Muna da Jami'ar Jihar Taraba a Jalingo tun 2008, muna da Kwalejin Ilmi a Zing, saboda haka ba wurin horarwa muka rasa ba, masu tambaya muka rasa. In ƙungiyar iyaye da malamai ta zauna, maganar katanga da kujeru ake yi, ban taɓa jin an tashi an ce yara nawa ne a aji ɗaya ba su iya karatu ba, kuma wa ke kula da su.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da malamin aji zai iya yi gobe da safe ba tare da an kashe kwabo ba, in an je masa da ladabi, ba da faɗa ba. A dawo da yaron layin gaba, nesa da taga da ƙofa. In za a ba shi umurni a ba shi ɗaya, in ya gama a ba shi na biyu. Shi mai ƙaiƙayin zama a naɗa shi mai goge allo da raba littattafai, tashin da zai yi ta wata hanya ya zama aiki ne maimakon laifi. Shi mai wahalar karatu kada a tsayar da shi ya karanta a gaban aji ba shiri, kuma maimakon ya ƙare minti 40 yana fama da kwafe rabin allo, a bar shi ya saurara, daga baya a yi masa hoton littafin abokinsa. A gwajin cikin zango a riƙa tambayarsa wani sashe da baki, a ƙara masa ɗan lokaci. Wani malamin zai ce wannan son kai ne. A ce masa ba amsa aka roƙa a ba yaron ba, hanyar da zai nuna abin da ya sani aka roƙa. A gida kuma kada a zaunar da shi awa biyu a kan littafi, minti 15 ya tashi ya sha iska ya dawo ya fi amfani. Kuma kada a yi kuskurena na hana ƙwallo. Guje-gujen nan na taimaka masa ya natsu, kuma sau da yawa filin ƙwallon ne kaɗai wurin da ake yaba masa.

Wani zai ce, to in boko ya ƙi, me zai hana in ɗauko shi ya zo ya kama sana'a? Sana'a ba abin raini ba ce, da ita muke ciyar da gidajenmu duka. Hasali ma da aka tsara ƙaramar sakandare an so a haɗa karatu da aikin hannu, sassaƙa da ƙira da lantarki, sai dai a makarantu da dama injinan da aka sayo daga ƙasashen waje sun tsufa a cikin akwatunansu saboda rashin wuta da rashin malamai. Abin da nake roƙo shi ne kada a cire yaro a aji biyu cikin fushi. A daure ya gama aji uku ya rubuta jarrabawarsa, domin da wannan takarda yana iya shiga makarantar koyon sana'a, irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Jalingo, ya fito da shaidar da za ta yi masa amfani. Yaron da ya baro makaranta bai iya karanta rasit ko saƙon banki ba, kun fi ni sanin yadda ake yi da shi a garin nan.

Saboda haka duk wanda zai je gida a hutun nan, ya samu yamma ɗaya ya zauna da yaronsa su biyu, ba a gaban ƙanne ba. Ya ba shi rubutun Hausa mai sauƙi ya karanta. Wanda shi kansa bai yi boko ba ya nemi amintacce ya zauna tare da su. Sa'an nan a karanta wa yaron wani labari a ce ya maimaita. A buɗe littattafan rubutunsa a duba ko yana gama kwafe darasi ko kullum a rabi yake tsayawa. Washegari a taka har makaranta a gaisa da malamin aji, a karɓi lambar wayarsa, a riƙa kiransa ko sau biyu ne a wata, ba sai ranar da sakamako ya fito ba.

Shugaba, ina da shawara guda da nake so a sa a cikin abin da za a tattauna kafin a tashi. Muna da asusun da muke tarawa domin mara lafiya da kai gawa gida. Ina roƙon a ware wani abu daga ciki, ko a buɗe wani ƙarami a gefensa, domin kuɗin gwajin ido da kunne da tabarau, da ɗan alherin malamin da zai zauna da yaro da yamma, a kuma zaɓi mutum biyu daga cikin 'yan'uwanmu da ke zaune a Jalingo, mace da namiji, waɗanda za su riƙa leƙa makarantun a madadinmu. Ni na sa sunana farko a takardar.